Mai Hoton Fasfo da Wakilin Tafiya

A layin ofishin fasfo ba mai kiransa da sunansa na yanka. Ɗaga-Kai suke ce masa, don duk wanda ya zauna kan kujerarsa abin da zai fara ji ke nan: ɗaga kai kaɗan, kar ka yi dariya. Tun yana saurayi yake ɗaukar hoto. Da wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoton kansa, sai hoton fasfo kaɗai ya rage masa. Shagon ɗan ƙarami ne: farin labule, fitila mai tsayi, madubi, da wata baƙar kwat a ƙusa wadda rabin mazan unguwar sun taɓa aro.

Babban kwastomansa wani mutum ne mai ƙamshin turare da ake kira Wakili. Yakan kawo 'yan mata rukuni-rukuni, ya ce aikin otal ya samo musu a ƙasar waje. Shi yake amsa tambaya a madadinsu, wayoyinsu ma suna cikin jakarsa. Ɗaga-Kai ya lura, amma ya ce wa kansa hoto aka kawo shi ɗauka. Ko lokacin da matan wata ƙungiya mai yaƙi da safarar mutane suka roƙi liƙa sanarwarsu mai lambar waya a shagon, ya yarda ne don ta rufe masa tsagar bango.

Wata rana da hantsi wata dattijuwa ta shigo da ɗan hoto mai hatimin shagonsa a baya. Ta ce 'yarta ce, Wakili ya tafi da ita bara. Ta kunna masa saƙon murya na ƙarshe da yarinyar ta turo. Cikin raɗa take magana, tana cewa an karɓe fasfonta, ba otal ba ne, a daina kiran wannan lambar.

"Ɗana, kai ka ga fuskarta bayan ni. Lafiya ka gan ta?" in ji dattijuwar.

Ya ƙura wa hoton ido. Ya tuna dai yarinyar ta kasa daina murmushi sai da ya yi mata tsawa.

Da ya ba matarsa labari, ta ce ya rufa musu asiri, suna da yara, irin waɗannan mutanen ba su da imani. Ya ce ya ji. Washegari ya kira lambar da ke bango.

Jami'an tsaron da ƙungiyar ta turo cikin kayan gida sun ce ya ci gaba da aiki kamar ba komai, ya sanar da su ranar da Wakili ya dawo. Wannan jiran ne ya ramar da shi. In babur ya tsaya a ƙofa, sai ya leƙa ya ga ko waye. Ya daina barin yaransa su kawo masa abinci. Ranar da Wakili ya shigo da wasu 'yan matan, hannunsa ya yi ta rawa har hotunan suka fito dishi-dishi. Wakili ya dube shi ya ce, "Malam, ko tsufa ne?" Ya yi dariyar yaƙe ya ce yunwa ce.

Suna fita ya kira jami'an. A tashar mota aka kama Wakili, aka mayar da 'yan matan gidajensu. Ɗaya daga cikinsu ta biyo shi har shago ta zage shi tas, ta ce ya toshe mata hanyar arziki.

Shari'ar tana nan ana ta ɗagawa, an kuma ce iyayen gidan Wakili ba a kama su ba. Ɗaga-Kai yakan canza hanyar komawa gida, ya kuma kulle shago tun da sauran rana. 'Yar dattijuwar har yanzu ƙungiyar tana nemanta ta ofishinsu na can ƙasar. Uwar takan leƙo jefi-jefi, ya ba ta kujera da ruwa, su kira ofishin tare. Kullum amsar ɗaya ce, a ƙara haƙuri, ana kan bincike.