Tudun Alhaji Bastawisi

Idan ka tambayi Alhaji Bastawisi wa ya kawo ci gaba garinmu Kafr Dandash, ba zai ɓata maka lokaci ba, ƙirjinsa zai buga. Abin haushin kuma, akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

Shagonsa na bakin babban titin da ya ratsa gari ya nufi birni. Ful yake sayarwa, waken nan da ke kwana a tukunya, da gurasa da shayi. A wurin mahaifinsa ya gaji shagon, ya gaji talaucinsa tare da shi, don a zamanin babu direban da ke taka birki a garinmu. Daga safe zuwa yamma yana zaune da ludayi a hannu, motoci na watsa masa hayaƙi suna wucewa.

Wata rana motar tumatir ta take masa agwagwa. Ya ɗaga mushen sama a tsakiyar titi yana ihu: "Yau agwagwa, gobe ɗan mutum!" Shi da ko 'ya'yan maƙwabta suka raɓi bencinsa korarsu yake yi. A wajenmu wanda mota ta ɓata wa rai siminti yake kwaɓawa ya gina tudu a ƙofarsa don a rage gudu, ba mai tambayarsa izini. Shi ma haka ya yi, sai dai nasa ya wuce hankali. Sai mota ta tsaya cak, ta hau a karkace kamar mai ciwon ƙugu. Tukunyar kuwa ya matso da ita daidai inda hancin direba zai kasance.

Wani direban bas ya leƙo ya ce, "Kai Bastawisi, Allah ya isa! Wannan tudu ne ko kabarin ubanka ka dawo da shi titi?"

"Sannu da hanya, maigida. Tunda ka riga ka tsaya, da yaji zan sa maka ko da man zaitun?"

Direban ya zage shi tas, ya ci kwano guda, fasinjojinsa ma suka ci. Tudun nan shi ya ƙara masa benci, ya saya masa talabijin, ya kai shi Makka.

Gharib mahauci, da ke gaba da shi kaɗan, ya ga abin da ke faruwa ya gina nasa. Mai matse rake ya bi. Mai gyaran taya ya gina biyu, shi kam ya san abin da yake nema. Daga nan har waɗanda ba su da abin sayarwa suka shiga. Wanda ya dawo daga aiki a Kuwait, kafin ya yi wa gidansa fenti sai ya zuba tudu. Gidan da babu tudu a ƙofarsa, ko neman aure 'ya'yansa suka je sai an yi musu kallon raini. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina bin hanyar nan a bas zuwa wurin aiki, bayana ne shaida, kuma har yau ban yafe ba. Masu motar ƙwai kuwa salati suke farawa tun daga gadar shiga gari.

Gari ya cika ya batse, kasuwa ta hau titi, Alhaji ya zama masanin sufuri. Ko maganar magudanar ruwa ake yi sai ya kawo tudu a ciki. Da hukumar lardi ta aiko injiniya, wata mace mai suna Tahani, aka kira taro, shi aka zaunar a kujerar gaba. Ta yi bayani dalla-dalla: ko dai a fasa tuddan, a yi tasha da wurin tsallakawa na masu ƙafa, titi ya ci gaba da bi ta cikin gari, ko kuma a ja sabuwar hanya ta bayan gonaki, motoci su zagaye mu.

Alhaji ya miƙe ya gyara rawani. "'Yata, hukumar da ta kasa toshe ramin ƙofar makaranta ita ce za ta ja hanya ta bayan gonaki? Tudu ko ɗaya ba za a taɓa ba. Ku je ku zagaya. Wanda ya ɗanɗana wakena, ko ta sama kuka yi masa hanya sai ya sauko."

Aka yi tafi har da kabbara. Injiniya ta naɗe takardunta ta yi sallama. Tun da nake ban taɓa ganin hukuma ta cika alkawari da wuri ba sai a kan wannan.

Da aka buɗe sabuwar hanya, titinmu ya yi tsit, kaji suka koma kwanciya a kan kwalta. Direbobin da ya ce za su sauko daga sama suka koma cin abinci a gidan mai na can baya. Tukunyar Alhaji da ke ƙarewa kafin hantsi ta koma kaiwa la'asar da rabi a ciki. Ya sayar da talabijin, ya rage benci. Sai ga shi yana bi gida gida yana wa'azin a fasa tuddai, ko bas-bas sa dawo.

Gharib ya saurare shi yana wasa wuƙa, ya ce, "Haba Alhaji, ai kai ne malaminmu. Ni da tuduna ake kwatancen gidana. In na fasa, surukaina su ce me? Na talauce?"

"Garin ne zai mutu, Gharib."

"To fara da naka mana, babba ai shi ke gaba."

Ya kuwa fara. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gaban kowa, ya ɗauki guduma da kansa, tsoho da shi, yana dukan simintin da ya kai shi Makka yana haki. A nan na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Jama'a suka yi masa addu'a, aka ce Allah ya ƙara irinsa, kowa ya tafi cin abincin rana. Babu wanda ya taɓa nasa tudun.

Yanzu 'yan bas ɗin da suka rage suna shigowa gari, rarrafe suke yi daga tudu zuwa tudu, sai a ƙofar Alhaji kaɗai titi yake sumul, nan direba ke huce haushinsa a kan totur. Kwanan baya na biyo ta wurin. Yana zaune gefen tukunya, ya hango mu ya ɗaga ludayi. Direbanmu, wanda ya ci wakensa shekara da shekaru, ya danna masa ham, ya leƙa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji, ka gyara mana hanya!" Muka wuce fuu.

A tudun Gharib muka tsaya cak. Ashe shi ma ya ajiye tukunyar ful a gefen naman, fasinjoji suka miƙa hannu ta taga.