Ranar da Na Kai Gilashin Haske Rijiyoyin Garinmu

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, mu uku: ni da abokin aikina da direba. Na zauna a baya rungume da akwati a cinya kamar mai jego, har direba ya tambaya ko ƙwai na ɗauko. Da ƙwai ne ai da sauƙi. Abin da ke ciki wani ɗan gilashi ne da bai kai farcen babban yatsa ba, wanda muka shekara uku muna fama da shi a ɗakin bincike. A jikinsa mun zana wa haske hanyoyi sirara, sun fi gashi siranta. Irin dabarar da ke ɗaukar maganar waya ta cikin zaren gilashi ce, sai dai mu mun juya ta ga ruwa. Ka ɗiga ruwa a kai, in akwai gubar takin zamani a ciki hasken zai sauya, allon na'urar ya nuna maka. A ɗaki mai sanyi yana aiki lafiya lau. Abin da ba mu sani ba shi ne ko zai yi a ƙura da rana, kuma malamai da dama sun ce ba zai yi ba. Shi ya sa na zaɓi garinmu, wani ƙauye kusa da Lolo, na ce in kunya ce ma in sha ta a gida.

Makon bikin 'yancin kai ne, masu babura sun ɗaura tuta kore da fari, wasu a madubi, wasu a wuya. Mun karya a Jega da ƙosai da koko, muka miƙe zuwa Koko, nan muka karkata yamma. Damina ta yi kyau, gero ya nuna, shinkafa ta rufe fadamu. A Bagudo na taya soyayyen kifi, da na ji kuɗinsa sai na tambayi mai kifin ko daga Makka ya zo. Ta ce daga kogin Kwara ya zo, amma man gyaɗa ne ya je Makka. Na saya ban ƙara magana ba.

Gadar Tuga ta faranta mini rai. Kwara ya cika ya batse, jiragen masunta na yawo a ƙasa. Bayan gadar ne hanya ta nuna mana halinta. A wani rami motar ta yi tsalle, kwalbar ruwan gwajinmu ta fashe a jaka. Ruwa ne da muka san abin da ke cikinsa, da shi muke tabbatar da lafiyar na'ura kafin aiki. Na rufe jakar, muka ci gaba da tafiya.

Da hantsi muka ratsa Lolo, inda za ka ji Hausa da Dendi da Fillanci a rumfa ɗaya, Benin kuwa ga ta nan a tsallaken gonaki. Kawuna, ƙanen mahaifina, shi ya tarbe mu a zaure. Na yi masa bayani, na fito da kwalabe biyar, kowace da sunan rijiya a jiki, na miƙe za mu je ɗiba. Ya ce in zauna.

"Baƙo ba ya jan guga a garinga, ɗana. Mata na nan."

Aka shige da kwalaben cikin gida. Kafin su dawo zaure ya cika da dattawa, an ji ɗan gidan wane ya zo da madubin da ke ganin cikin ruwa. Ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura.

Na ɗiga ruwan kwalba ta farko, allo ya nuna mai kyau ne. Ta biyu haka. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, duk lamba ɗaya, ko ɗigo bai motsa ba. Dattawa suka yi ta hamdala, ni kuwa zufa ta karyo mini. Rijiyar tudu da ta bakin fadama ba za su taɓa zama ɗaya ba. Abokina ya raɗa mini cewa girgizar hanya ta karkatar da bakin da haske ke shiga. Ga shi ba ruwan gwaji da zai raba gardama. Na rufe akwati ina ganin shekara uku sun bi ruwa.

Na shiga cikin gida yin alwala, matar Kawu, wadda muke ce wa Inna, ta dubi fuskata.

"Mi ya same ka? Ko ruwan ba su yi daɗi ba? Ni da kaina na tace su."

Na ce, "Kika tace, Inna?"

"Na tace mana. Ruwan burtsatse na, tun jiya na aika anka ɗauko da munka ji kuna tahe. Duk ga randata na cika su. Kana son a kwashi ruwan lakarmu a kai birni, a ce abin da danginka ka sha ke nan?"

Na zauna a kan turmi ina dariya har da hawaye. Randa ɗaya na gwada sau biyar, kuma sau biyar gilashina ya faɗi gaskiya. Inna ta ce in dariya ta ƙare in faɗa mata laifinta. Na ce ba ta da laifi, karamci ne ya yi yawa.

Wannan karon na roƙi Kawu ya yafe mini baƙunta. Muka bi rijiyoyin da ƙafa cikin ranar azahar, dattawa na biye da mu, na ja guga da hannuna. Lambobi suka fara bambanta yadda ya kamata. Huɗu ba su da matsala. Ta biyar, wadda ke bakin gonakin shinkafa, ina ɗigawa allon ya haura sama sosai. Na maimaita sau uku, bai sauko ba. Wani tsoho ya ce mini a hankali, wagga rijiya kakanka ya gina ta shekarar da anka samu 'yancin kai, kuma ruwanta sun fi na kowace sanyi, su aka ba jarirai.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na gaya wa Kawu takin da ake zuba wa shinkafa ne ya tsatso cikin ruwan, babba zai iya sha bai ji komai ba, amma ga jariri haɗari ne. Na ce zan tafi da ruwan zuwa birni a sake tabbatarwa. Kawu ya dubi bakin rijiyar, ya dube ni.

"Ka yarda da abinga naka?"

Na ce na yarda.

"To ba mu jiran birni." Ya kwance gugar da hannunsa ya naɗe igiyar. "Baba ya gina ta don ɗiya su sha su rayu. Jikanai ya ce a dakata don ɗiya su rayu. Aiki guda na."

Na karɓi takardun shaida a gaban manyan malamai, amma ban taɓa jin alfahari irin na bakin rijiyar nan ba.

Washegari muka juyo da daurin kifi busasshe da Inna ta tilasta mana ɗauka. Mun iso Birnin Kebbi da la'asar, gajiya har cikin ƙashi. Bayan kwana biyu gwajin babban ɗaki ya fito, ya yi daidai da na gilashina. Na koyi cewa mai bincike ya ɗebi ruwansa da hannunsa, ko da a gidan ubansa ne. Na kira Kawu in ba shi sakamako, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in yi maganar da sauri, suna tudu ana auna inda za a haƙa sabuwar rijiya.