Kafin a Iso da Gawar Dakta Sadisu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya iske ni yau da safe, ina dawowa daga masallaci. Alhaji Lawal ne ya kira ni a waya, ya ce, "Malam, Sadisu ya cika."

Ga yadda al'amarin yake, domin waɗanda ba su sani ba. Dakta Sadisu, masanin Fiziks mai aikin bincike a ƙasar waje, ƙanen Alhaji Lawal mai fataucin shanu, ya rasu a wani asibiti a Kano bayan doguwar jinya ta ciwon daji na hanji. Ya bar matarsa, Malama Hadiza, da 'ya'ya uku. Yayansa, wanda shi ya yi jinyarsa, yana tafe da shi zuwa gida Daura, kuma iyali sun tsayar da jana'iza bayan sallar La'asar a ƙofar gidan marigayin. Ni na koyar da shi Fiziks a makarantar sakandare, kuma ban daina bin al'amuransa ba tun daga lokacin.

Dogon rubutu a nan ba al'adata ba ce. Akwai dalili.

Tun kafin rana ta ɗaga wani saƙon murya yake yawo a wayoyin mutane. An turo mini shi ta wurare dabam-dabam. Mai maganar yana cewa nukiliya ce ta cinye Sadisu a ƙasar waje, kuma duk wanda ya taɓa gawar, ko ya shiga gidan, ko ya sha ruwan randarsu, zai ɗauka. Ban san mai muryar ba, ba na kuma nemansa.

Da hantsi Malam Isyaku, wanda ke wanke mamatan unguwarmu, ya yi sallama a zaurena. Bayan mun gaisa ya ce, "Allah gafarta Malam, tambaya na zo yi, kada a ɗauke ta da wata manufa. Ban taɓa gudun gawa ba, har shekarar amai da gudawa ni na yi ta wanka. Amma wannan ban san shi ba. An ce ba a ganinsa, ba ya wari, sabulu ba ya fitar da shi. Ina da iyali."

Na ce masa tambayarsa tana kan hanya. Na yi masa bayani gwargwadon sanina, ya saurara har ƙarshe, ya ce zai yi shawara, ya tafi.

Bayanin da na yi masa shi zan maimaita a nan, domin ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Shi dai ya fi wasu, tun da ya zo ya yi ta a fili.

Duk abin da muke taɓawa, ƙasa ce ko ƙarfe ko jikin mutum, an gina shi da ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wani ɗan dunƙule mai ɗauke da abubuwa iri biyu, furoton da niyutiron. Aikin Sadisu shi ne neman sanin girmansu da siffarsu da abin da ke cikinsu. Tun da babu madubin da zai nuna su, masu wannan fanni sun bi wata hanya. Suna da wani dogon inji da ke ingiza elektron, wato ƙananan ƙwayoyin nan da ke gudana a wayar lantarki, har su yi gudu mai tsanani, sannan a harba su kan abin da ake son bincika. Sai a duba inda suka karkata bayan karon, da ƙarfin da ya rage musu. Daga nan ake lissafa siffar abin da suka buga.

Ba bam yake haɗawa ba. Awo yake yi.

Wata shekara da ya zo hutun Sallah, dattawan majalisarmu suka tsare shi sai ya faɗa musu abin da yake yi a ƙasar Turawa. Ya ce a yi masa uzuri. Ya tsallaka titi zuwa shagon Emeka mai kayan gyaran babur, ya dawo da 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, cike da hannu. Ya ɗora faffaɗan katako a kan duwatsu huɗu a simintin zaurena, ya ɓoye wani abu a ƙarƙashi, ya ce kowa ya gangara boris ɗinsa ta ƙasan katakon, ya lura da inda zai ɓullo. Wasu suka wuce kai tsaye, wasu suka karkace, ɗaya ya dawo ya bugi yatsan Liman.

Aka yi ta gangarawa ana gardama. Daga ƙarshe aka amince cewa abin mai da'ira ne, kuma bai kai tafin hannu faɗi ba. Ya ɗaga katakon. Kofin shayina ne.

Alhaji Lawal ya ce, "Yanzu don Allah wannan wasan yaran ne ya raba ka da gida shekara da shekaru? Ni ko a duhu ka kawo mini saniya, shafa ta zan yi in gaya maka shekarunta."

Sadisu ya ce, "Yaya, ai da tawa saniyar za ta tsaya a shafa ta, da tuni na dawo na bi ka kasuwar shanu ta Mai'adua."

Liman yana murza yatsa ya ce shi dai a biya shi diyya.

A ranar ne ya gaya mini cewa furoton ba ɗigo ba ne kawai, yana da faɗi, da wasu ƙananan abubuwa masu motsi a cikinsa, kuma masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan ainihin girmansa domin awon da aka yi ta hanyoyi dabam-dabam bai zo daidai ba. A wannan gardamar yake da hannu. Ya ce niyutiron ya fi wahala, domin ba ya daɗewa in an ware shi, sai dai a harbi dunƙulen da yake ciki, a cire lissafin furoton, a ga abin da ya rage. Na koyar da sunayen nan shekaru masu yawa a kan allo. Sai a bakinsa na fara jin su kamar abubuwan da wani ya yi mu'amala da su.

Yanzu batun tsoro.

Lokacin da injin yake aiki babu ɗan Adam a ɗakin. Ana kulle ƙofofi, bangon kankare ne mai kauri, ma'aikata suna wani gini dabam a gaban kwamfuta. Kowannensu yana maƙale da wani ɗan ma'auni a ƙirji wanda ke nuna abin da ya kai ga jikinsa, ana kuma duba shi a kai a kai. Sadisu ya taɓa nuna mini hoton nasa. Ko da a ce wani abu daga hasken injin ya same shi, irinsa ba ya zama a jikin mutum har ya koma kan wani. Wanda aka yi wa hoton ƙirji a asibiti yana komawa gida ya ɗauki jaririnsa, babu wanda ya taɓa cewa a guje shi.

Zubewar gashi da ramar da aka gani a jikinsa, na ciwon ne da na maganin da ake yi masa. Duk wanda ya yi jinyar mai wannan ciwo ya san haka.

Ban ce na san abin da ya jawo masa ciwon ba. Ba ni da wannan ilimi, Allah ne masani. Amma na je gaisuwar mutuwa Dutsi, ta wani manomi ɗan'uwan marigayiya matata, wanda ciwon nan ne ya ɗauke shi, kuma bai taɓa wuce Katsina ba. Ma'aikatan asibiti sun yi ta ɗaga Sadisu suna kwantarwa. Yayansa ya yi masa wanka, ya ba shi abinci a baki, ya kwana a gefen gadonsa. Ga shi nan tafe, kowa zai gan shi.

Ba na son rubutun nan ya ƙare a kan inji, domin ba inji za mu binne ba.

Sadisu yana aji uku na fara lura da shi. Ba shi ya fi kowa maki ba, amma shi ne ba ya barin tambaya ta kwana.

Bayan ya tafi ƙasar waje, duk Juma'a sai ya kira. Ba ya daɗewa. Ya tambayi gwiwata, ya tambayi damina, ya ce a gaida mutanen majalisa.

Da ya lura ina nesanta takarda da fuskata in zan karanta, zuwansa na gaba sai ya ajiye mini tabarau a kan tabarma, ya ce wai tsintarsa ya yi a jakarsa.

Da matata ta rasu yana gida. Ya zauna kwanakin makoki duka, shi ke cika butoci, shi ke jera takalman baƙi. Wani baƙo daga Mashi ya aike shi sayo goro, bai san ko wane ne ba. Ya je ya sayo.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ta kasance a gidansa, kafin a mayar da shi Kano. Na same shi kishingiɗe a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ya sa hula har kunne. Ya yi ƙoƙarin tashi, na hana shi.

Ya ce, "Malam, ka ga sabon salon gaisuwa? Daga bakin zaure ake ɗago mini hannu, kamar gwamna zai wuce."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa sai ya ce, "Ni ba ta kaina nake ba. An hana yaran maƙwabta shigowa wurin nawa. Hadiza in ta aika da abinci, sai a dawo da kwanon yadda ya tafi. Ɗan garuwa ma a waje yake ajiye ruwa. Kai ka koya mini yin bayani, Malam, amma yanzu numfashina ba ya kai ni ƙarshen magana."

Na ce masa ya huta, mutane za su gane. Ya ce, "Allah ya sa." Daga nan ya tambaye ni ko har yanzu ɗakin gwajin makarantarmu yana yoyo.

Ban sake ganinsa ba.

Ɗazu na leƙa gidan. Malama Hadiza tana ciki da mahaifiyarta da yaran, su kaɗai. A unguwar da in an yi rasuwa mata kan cika tsakar gida kafin a gama shimfiɗa tabarmi, na iske tabarmin a shimfiɗe babu kowa a kai. Ta gaishe ni daga bayan labule, ta ce, "Baba, za a samu masu ɗaukarsa kuwa?" Na ce za a samu.

A waje na iske Emeka ya rufe shago yana sauke benci daga kan kura. Ya ce, "Baba Malam, ni ban iya wanka naku na Musulmi ba. Amma in ruwa ne ko rumfa, ina nan."

Ina cikin wannan rubutu Malam Isyaku ya kira. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na yi shawarar. In kai da Alhaji Lawal za ku sa hannu, ni zan tsaya in zuba ruwa, in nuna muku yadda ake yi." Na ce na gode, hakan ya wadatar. Ban taɓa yi wa mamaci wanka ba, kuma ban zaci zan fara da ɗalibina ba. Za mu sa safar hannu irin wadda ake sawa ga kowace gawa, babu ƙari.

An samu masu wanka ke nan. Saura sahu, saura kafaɗun da za su ɗauki makara, saura kuma abin da zai biyo baya, domin matar nan da 'ya'yanta a gidan za su ci gaba da zama bayan an tashi daga makoki.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina neman haɗin kan kowa da kowa. Wanda saƙon muryar nan ya iso wayarsa, ya tsayar da shi a nan, kada ya tura gaba. Limamai da masu unguwanni da suka ga wannan rubutu, ina roƙon su yi wa jama'a bayani bayan sallar Azahar. Iyayenmu mata da 'ya'yanmu mata, ku shiga wurin Hadiza, ku zauna, in an kawo ruwa ku sha. Wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba na zarginsa. Ya same ni a zauren gidan marigayin, zan sake bayanin daga farko, ko sau nawa ne.

Alhaji Lawal ya sanar da ni sun baro Kazaure.

Allah ya jiƙan Sadisu, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinsa, ya karɓi ilimin da ya nema a matsayin ibada, ya raya abin da ya bari, ya ba Hadiza da Alhaji Lawal haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta daga nesa, ya sa shi a addu'a. Wanda yake cikin gari, ya zo da ƙafarsa.