Sharar Bakin Rumbu

Ni ɗan fari ne, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma kallona in da mutane. Haka kunya take a garinmu Fassi, ba wanda ya ga laifinta. A ɗakin kakata na tashi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina ɗan shekara shida, na wayi gari idona ya kumbura, ƙafafuna kamar an hura. A asibitin Rano likita ya ce ƙoda ce ke yoyon abin gina jiki cikin fitsari. Da magani ya sa kumburin ya saɓe, sai ya sallame mu da kwalbar tsinken gwaji. Kullum da safe a tsoma ɗaya a fitsarin farko. In ya tsaya ruwan ɗorawa, lafiya. In ya yi kore kwana uku a jere, ciwon ya dawo, a kawo ni kafin ruwa ya cika min ciki.

Aikin ya faɗa hannun kakata, wadda ko zare ba ta iya zurawa a allura, amma ba mai gaya mata haka ya kwana lafiya. A bakin rumbu muke yi, da gwangwanin madara. Ta tsoma, ta ɗaga sama, ta ƙanƙance ido, ta ce ɗorawa ce, mijin nata ya warke, sai a fara shirin biki. Har yau ina kewar wannan tsokanar.

Daidai lokacin kuma mahaifiyata ke fitowa shara. Duk faɗin tsakar gidanmu, sai bakin rumbun nan take sharewa. Haushi take ba ni, don ƙura ce kawai nake gani.

Wata safiya da damina kakata ta ɗaga tsinken ta ce ɗorawa. Tsintsiya ta tsaya. Mahaifiyata na kallon katanga ta ce, “Inna, kore ne. Yau kwana uku.”

Kakata ba ta yi musu ba. Kafin hantsi muna kan acaɓa. Likita ya ce mun zo a kan gaɓa, ko kwanciya ba sai na yi ba.

Har mahaifiyata ta rasu ba ta kira sunana ba. Bara na je gidan, rumbun ya rushe, na tsaya a wurin na daɗe. Sai da na girma na tuna cewa daga ranar da aka daina gwajin, ban ƙara ganin ta share wurin da sassafe ba.