Buhun Dutsen da Na Zuba a Ƙofar Rumfa

Tun ina yarinya Inna ke cewa ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa ƙasan ƙwarya kafin in sha. Ba ta yi mini ƙazafi ba. Da wannan halin na yi shekaru ina sayar da shinkafa da wake a rumfata, kan hanyar Abare, kusa da ramukan masu haƙar zinare.

Masu haƙo ba sa biyan abinci kullum. Mai rami ne ke ɗaukar nauyin cikin ma'aikatansa: a zuba musu, ran da rami ya yi albarka ya biya. Akwai wani mai rami, dogo, mai yawan murmushi, ni kuwa ban taɓa sakin jiki da mai yawan murmushi ba. Mutanensa sun ci tukunyata rani guda cur. Shinkafar ma ba tawa ba ce, bashi nake ɗauka wurin wani mai shago a Anka, manyan tukwanena na dahuwa su ne jingina.

Wata la'asar sai ga shi da buhu a bayan babur. Ya sauke a gabana yana haki, ya ce ga nawa. Na ce kuɗi nake bi, ba kaya ba. Ya ce wannan ya fi kuɗi, ya yi murmushin nan nasa ya wuce.

Na kwance bakin buhu. Duwatsu ne baƙaƙe-baƙaƙe, irin waɗanda ake tuntuɓe da su a hanya, ko ƙyalli babu. Nan take na gano shirin. So yake in biya kuɗin niƙa, in biya na wanki, a tashi ba komai, sannan ya ce ai ya biya ni. Ni za a yi wa wayo? Ga shi ma'aikatan lafiya sun sha gargaɗin kada a ajiye irin dutsen nan inda yara ke wasa saboda dalma, jikokina kuwa a rumfar suke wuni. Da damina ta faɗi, ruwa ya kwanta a ƙofar rumfa, baburan masu ciniki suna maƙalewa a taɓo. Na jawo buhun na juye a ciki, na bi da ƙafa na daddanne. Na ce aƙalla ya yi wani amfani.

Daga nan na sa masa ido. Ya canza babur. Ya daina bi ta gabana. Mahauci ya ce yanzu tsoka zalla yake saya. Shi kuma mai shago ya aiko cewa in kasuwa mai zuwa ta wuce bai ga kuɗinsa ba, zai turo a kwashe tukwane. Mai abinci ba tukunya, ai ta tashi daga aiki. Sai ƙanena ya ce in kai ƙara gaban alƙali, don irin wannan ƙaramar rigimar ba ta bukatar lauya.

Na hau mota zuwa Anka. Magatakarda ya tambayi wa nake ƙara, nawa nake bi, ina shaiduna, ya rubuta. Da ya faɗi kuɗin shigar da ƙara sai na ce ya ba ni rasit, na kuma fita da shi waje wani ɗan makaranta ya karanta mini. Daidai ne, amma hankalina bai kwanta ba. Masinjan da ya kai sammaci ya dawo ta gaban rumfata yana sakace haƙori. Wa ya ba shi nama? Ban tambaya ba, na dai riƙe a raina.

Ranar zama kotu ta cika, har da 'yan haƙo da ban san abin da ya kawo su ba. Na yi bayanina tsaf. Na ɗauka mai ramin zai musa, sai ya ce gaskiya ne an ci abincin, amma ya biya. Ya ce ranar da rami ya buɗe ba shi da tsaba a hannu, sai ya raba buhunan dutse ga waɗanda yake riƙe da hakkinsu: ni, da mai shayi, da mai kawo musu ruwa.

Aka kira mai ruwan, wani tsoho da na sani da jaki ɗaya mai gyambo. Ya ce shi ya niƙa nasa, kuma da kuɗin zinaren da ya fito ya sayi shanun huɗa da amalanke. Na ga shanun nan da idona tun da daɗewa, na kuma yanke a raina cewa kiwo aka ba shi, ko kuwa an san inda aka samo su. Duk da haka na ce wa alƙali shaidar saye ce, sun haɗa baki.

Alƙali bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko na taɓa yarda buhun ya zama biyan bashi. Na ce sam. Ya ce to ba a yi wa mutum ciniki dole, in mayar da buhu, shi kuma ya biya ni kuɗina.

Kafin ya rufe baki mai ramin ya sa hannu a aljihu.

"Allah shi gafarta Malam, ga kuɗinta nan, har da na mota. A kawo min buhuna yadda na ba da shi."

Murmushin nan ya ɓace daga fuskarsa. A nan ne na yarda da shi, karo na farko tun da na san shi, kuma wallahi ban ji daɗin yardar ba.

Alƙali ya juyo. "Baiwar Allah, ina buhun?"

Da na yi shiru na ce zan kawo, da shi ke nan. Amma a gaban alƙali nake, ana kallona, sai bakina ya riga ni. Na ce na cike taɓon ƙofar rumfata da shi.

Alƙali ya ɗage zama, ya ce in je in tono abin da ya samu a auna. Yana cikin magana na ga benci na baya ya fara raguwa. Wani ya fita da waya a kunne, wani ya bi shi. Ni da ke zargin magatakarda da masinja da tsoho mai jaki, ban tuna da masu zaman sauraro ba.

Na bar mota na ɗauki ɗan acaɓa, ina dukan bayansa ya ƙara wuta. Tun daga nesa na hango ƙofar rumfa. Rami ne har gwiwa, an share shi tas kamar an lashe kwano. Ba kowa a wurin. Maƙwabta duk suka ce barci suke, da rana tsaka. Jikata ce kawai ta ce wasu sun zo da shebur sun ce kaka ce ta aiko su.

Mai ramin ya ce ba buhu, ba kuɗi, kuma bai janye ba har aka raba mu a kan abin da bai kai rabin bashin shinkafa ba. Mai shago ya cika alkawari, ya turo aka ɗora tukwanen a kura. Da za su fita, ƙafar kurar ta faɗa ramin nan. Sai da na sa hannu na taya su turawa.