Ɗakin Katakon da 'Yata Ta Zana Mini

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na ce sai na ƙara ɗaki a gidana. Gidan yana bakin garin Gaya, shi kaɗai, ba ya haɗa katanga da kowa. Ɗakuna uku ne na bulo, da bazara ba sa zaunuwa.

Babbar 'yata ta karanta zanen gine-gine, ita ta zana mini. Ɗakin katako ne, manne da bangon arewa, ɗage a kan ginshiƙan siminti masu tsayin gwiwa don kada gara ta hau. Rufin ya zarce bango sosai. Tagogi biyu dogaye suna kallon juna, an jera siraran katako a gabansu, su tare rana su bar iska.

Yayana ya taso takanas daga Balan. Ya juya takardar zanen sama da ƙasa, ya ce a nan katako na ƙyaure ne da benci da rumfar mai shayi, kuma mutane za su ce ƙanwarsa ta gaza.

Na ce, "Yaya, duk ɗakin da na taɓa zama a duniya wani ne ya zaɓa mini. Wannan ni zan zaɓa."

Bai tsaya cin abinci ba.

Kafintan farko ya ce ba zai karɓi awo daga hannun yarinya ba. A ranar na sallame shi. Na biyun dattijo ne daga Toranke, mai yawan tambaya. Shi ya nuna wa 'yata cewa ratar da ta bari tsakanin katako ta yi kaɗan, za su kumbura da damina. Ta goge, ta gyara, ba gardama.

Da aka gama, masu wucewa suka sa wa ɗakin suna akurkin Malama. A damina ta biyu ruwa ya shigo ta kusurwa, katako biyu suka lanƙwashe. Wata maƙwabciya ta zo jaje tana ɓoye murmushi. Na ba ta kujera a cikin ɗakin, ta zauna tana kallon dattijon yana canza su.

Yanzu mata shida na unguwa suna zuwa da hantsi ina koya musu karatu a ciki. Rannan ɗaya ta tambaye ni ko ba na tsoron gobara. Na ce ina tsoro mana, shi ya sa na mayar da murhu can bayan rijiya. Sannan na ce ta buɗe shafi na tara.