Takardun Gonakin da Yaya Sule Ya Bari a Kwamfuta

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sule makwancinsa. Shi ne mai shagon buga takardu a bakin kasuwarmu, kan hanyar Bagwai. Katin biki yana bugawa, amma babban aikinsa takardun gona ne: wa ya sayar, wa ya gada, daga wace kuka zuwa wace tsamiya iyaka ta tsaya. A nan da gona ke manne da gona, taku biyu kan raba zumunci.

Ni ƙaninsa ne, kuma na fi kowa zargin manhajar da ya sa a kwamfutarsa. Ya ce ta kyauta ce, cikinta a buɗe yake, duk mai ilimin abin zai iya dubawa ya gyara. Na ce masa banza ba ta kai zomo kasuwa. Wane ne zai yi gumi a wata ƙasa don mutumin Bagwai ya ci arziki?

"Irin gero ne na gida, Malam," in ji shi. "Ka shuka, ka ajiye, ka ɗibar wa maƙwabci. Ba mai zuwa ya ce na baɗi sai ka sake saya."

Ban gamsu ba, har ya rasu. Amma bara wata gwauruwa ta zo da kuka, gara ta cinye takardar gonar marayunta, maƙwabci kuma ya fara matso da kunyar gonarsa cikin tasu. Hauwa, 'yar marigayin da ke riƙe da shagon yanzu, ta buɗe tsohuwar takardar da mahaifinta ya buga ya adana, a sabuwar kwamfuta, ba tare da neman izinin kowa ba. Ranar na ji kunyar yayana ƙwarai.

Sai ga shi watan jiya wasu samari biyu sun zo daga birni da baki kamar zuma. Su ma tasu manhajar kyauta ce, wai, ta fi sauri, sai dai takardun za su koma ma'ajiyar kamfaninsu. Na tambaye su in muka fasa, ta yaya za mu karɓo abinmu? Suka dubi juna, suka ce sai an tuntuɓi ofis. Da Yaya na raye, na san shayi zai ba su, ya raka su bakin mota da fara'a, shi ke nan.

Har yau ban san masu rubuta tasa manhajar ba, ban kuma daina mamakin niyyarsu ba. Abin da na sani, ya tafi ya bar iyakokin mutane a hannun mutanen. Allah Ya jiƙansa.

Samarin sun bar lambar waya a kan tebur. Hauwa ba ta kira ba, ba ta kuma yar ba. Kullum na shiga shagon, lambar nake fara dubawa.